Malham da iyali: shin tafiyar tudun nan mai sauƙi ce da gaske?

Wani ƙanenmu da ke karatu a Bradford ya turo tambaya. Ya ce shekararsa guda ke nan a Ingila, bai san ko'ina ba sai jami'a da masallaci da shagon mai nama. Yana so ya fita da maiɗakinsa da yaransu biyu, ɗan shekara tara da 'yar shekara shida, su sha iskar bayan gari. Turawan ajinsu sun ce masa ya tafi Malham, wai hawan tudu ne mai sauƙi. Shi ne yake tambaya ko da gaske mai sauƙin ne, ko kuwa irin sauƙin Bature ne, sannan wace hanya zai bi, me za su sa, me za su riƙa.

Ƙanena, Allah ya ba da sa'ar karatu. Abokan naka ba su yi maka ƙarya ba, amma ba su ƙarasa maka zancen ba. Tafiyar Malham ba ta cin ƙarfi. Duk wanda ya taɓa hawa Dala da ƙafarsa, ko ya yi yawon sallah tun safe har la'asar, yana da ƙarfin da ake buƙata har da rara. Inda gizo ke saƙar shi ne ƙasar da za ka taka da samaniyar da ke kanka, domin dukansu biyu ba irin waɗanda muka tashi da su ba ne. Ni duwatsu na karanta, kuma na taka hanyar nan sau da yawa, da rani da sanyi, ni kaɗai da kuma jan ayarin 'yan'uwa. Ban taɓa ganin wanda gajiya ta kayar ba. Wanda santsi ya kayar kuwa, ko sanyi ya sa ya yi da-na-sanin fitowa, na gani, ni ma ina cikinsu.

Wani abin dariya tukuna: mutanen wurin ba sa furta harafin h da ke tsakiyar sunan. Abin da za ka ji a bakinsu kusan "Malam" ne sak. Ran da na fara zuwa, direban bas ya ɗaga murya ya kira sunan garin, na waiga na ɗauka da ni yake.

Malham ƙaramin ƙauye ne a Yorkshire ta Arewa, cikin gandun ƙasa na Yorkshire Dales da aka kafa a 1954. Daga Bradford a mota ba za ka wuce awa ɗaya da 'yan mintuna ba, ta Skipton da Gargrave. In ba ka da mota, jirgin ƙasa zai kai ka Skipton, daga nan bas, amma bas ɗin ba shi da yawa, kuma lokacinsa na sauyawa tsakanin rani da sanyi, tsakanin ranakun aiki da ƙarshen mako. Ka san lokacin na ƙarshe mai dawowa tun kana gida. A bakin ƙauyen akwai ofishin gandun, da wurin ajiye mota na kuɗi, da bayan gida. Ku shiga bayan gidan kafin ku kama hanya, musamman yara, don babu wani a gaba.

Yanzu ga abin da ke ruɗar mutanenmu. In ka duba taswira za ka ga tafkin da ke saman tudun, Malham Tarn, mita 377 ne kacal sama da teku. Birnin Kano kansa ya fi haka tsawo daga teku. Jos kuwa ta fi kowane dutse da ke Ingila, tunda mafi tsawonsu, Scafell Pike, mita 978 ne. Sai mutum ya ce to ai wannan ba tudu ba ne, juji ne. Amma wannan jujin yana can arewa mai nisa, kuma iskar da ke tasowa daga tekun Atilantika ɗauke da ruwa, tudun nan ne ke tare ta. Ruwan saman da ke sauka a kan tafkin a shekara ya kai kusan ninki biyu na na Kano, kuma ba shi da damina, kowane wata rabonsa ne. Za ka bar ƙauyen da rana tana haskawa, ka hau mita ɗari biyu kawai, ka tarar da iska mai shiga ƙashi da yayyafi mai zuwa a kwance. Hazonsu kuma ba irin na hunturunmu mai busar da leɓe ba ne. Jiƙaƙƙe ne, girgije ne ya sauko ya zauna a kan ciyawa, yana iya rufe maka katangar da ke gabanka cikin minti biyar.

Hanyar da nake ba duk mai zuwan fari ita ce zagayen da ke tashi daga ƙauyen ya dawo ƙauyen, kimanin kilomita takwas. Da yara ka ware awa huɗu, har da zama da ciye-ciye da ɗaukar hoto. Kuma ina ba ka shawara ka bi ta gabas ka fara, ka bar babban dutsen, Malham Cove, ya zama na ƙarshe. Yawancin baƙi suna yin akasin haka, su nufi dutsen kai tsaye, su hau matakala kusan ɗari huɗu da ƙafar da ba ta warware ba, yara su fara kuka tun ba a je ko'ina ba. In ka bi yadda na ce, hawan zai zo a hankali, matakalar kuma saukowa za ku yi.

Daga tsakiyar ƙauyen ka haye ƙaramar gada, ka bi gefen rafi ka yi kudu kaɗan, sai alamar katako ta nuna maka hagu zuwa Janet's Foss. Hanyar shimfiɗaɗɗiya ce, ta ratsa filayen ciyawa. A nan ka ja wa yara kunne kada su fantsama cikin filin. Ciyawar da kake gani ba ta banza ba ce, ita ce amfanin gonar mai wurin, ita zai yanka ya yi ingirici ya ciyar da tumakinsa da sanyi. Tattaka ta daidai yake da kutsawa cikin gonar gero. Kana da haƙƙin wucewa, doka ce ta ba ka, ba alfarmar mai gona ba, amma a kan turbar kawai. Kibiya ruwan ɗorawa na nufin hanyar ƙafa, shuɗiya kuma har da doki da keke. Ƙofa kuwa ka bar ta yadda ka same ta: in a rufe take ka rufe, in a buɗe take da gangan manomin ya bari.

Wannan haƙƙin ba daga sama ya faɗo ba. A da tudun Ingila da yawa na masu kuɗi ne, sun killace don farautar tsuntsaye, talaka bai isa ya taka ba. A ranar 24 ga Afrilu 1932 ɗaruruwan matasa, akasari ma'aikatan masana'antun Manchester da kewaye, suka hau Kinder Scout da gangan, aka yi arangama da masu gadi, aka ɗaure biyar daga cikinsu. Bayan shekara 17 aka yi dokar kafa gandayen ƙasa, a 2000 kuma aka yi wadda ta buɗe tudun da ba a noma ga kowa. Doguwar hanyar ƙafa ta Pennine Way, mai tsawon mil 268 daga Edale har cikin Sikotland, a kan tudun Malham ɗin nan aka yi bikin buɗe ta a 1965. Za ka taka wani yanki nata. Alamarta hoton ɗan ƙwallon itace ne mai hula.

Janet's Foss ƙaramin ruwa ne mai zubowa cikin kurmi, da tafki a ƙarƙashinsa inda a da makiyaya ke wanke tumaki kafin a aske musu gashi. Mutanen da sun ce wata sarauniyar aljanu ce ke zaune a kogon bayan ruwan, ashe ba mu kaɗai ke ba aljanu gida a bakin ruwa ba. In watan Afrilu ko Mayu ka je, tun daga nesa za ka ji kurmin yana ƙamshin tafarnuwa, wata tafarnuwar daji ce ke rufe ƙasa da fararen furanni.

Daga nan ka fita kan kwalta, ka yi dama 'yar tafiya, ka shiga ta filin da ake kafa tantuna zuwa Gordale Scar. Ba zan ɓata maka shi da bayani ba, gani ya kori ji. Kwazazzabo ne da bangonsa ya kai mita ɗari, ya sunkuyo ta sama kamar zai haɗe, kuma ba ka ganin cikinsa sai ka sha kwana ta ƙarshe. Abu ɗaya kawai: za ka ga mutane suna hawa ta gefen ruwan da ke zubowa, suna kama dutse da hannu. Hanya ce halattacciya, tana fita sama, amma ba taka ba ce, ba ta maiɗakinka ba ce, balle yara. An sha ɗauko mutane daga wurin da karaya. Ku kalla, ku yi tasbihi, ku juyo. Kada kuma ku daɗe a gindin bangon, don tsakuwa na faɗowa.

Ku dawo gadar da kuka wuce a kan kwalta bayan Janet's Foss, akwai ƙofa da alama mai nuna Malham Cove. Nan ne hawan yake, a kan ciyawa, ba tsaye ba, da katangun dutse hagu da dama. Ka tsaya ka duba katangun nan da kyau. Babu siminti, babu laka, dutse ne kan dutse, an jera shi da gwaninta yadda nauyinsa ke riƙe shi, wasu sun haura shekara ɗari biyu a tsaye. Kada yaro ya hau, in ta rushe kan ƙafarsa za ta zubo. Inda hanya ta ratsa katanga akwai ƙofa ko matakalar tsallakewa.

To, saman dutsen. A nan zan daɗe, don nan ne dalilin zuwan, nan ne kuma haɗarin.

Dutsen yankin nan dutsen farar ƙasa ne, irin wanda ake haƙa a Kalambaina ta Sakkwato da Ashaka ta Gombe da Malbaza ta Nijar ana yin siminti, sai dai wannan ya girme su nesa ba kusa ba. Kimanin shekara miliyan 330 da suka wuce, bisa lissafin masana, wurin nan ƙasan wani teku ne marar zurfi mai ɗumi. Ɓawon ƙananan halittun ruwa ya yi ta taruwa yana danne juna har ya zama dutse. In ka sa ido za ka iya nuna wa ɗanka sawunsu a jikin wasu duwatsun. Halin wannan dutse guda ɗaya ne, kuma daga shi komai ya samo asali: ruwan sama na narkar da shi. Ka san yadda kanwa ke tsiyayar kumfa in ta haɗu da ruwan tsamiya? Dangin wannan ne ke faruwa, sai dai a hankali ƙwarai. Ruwan sama na ɗauko iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi, ya zama mai ɗan tsami-tsami da harshe ba zai ji ba, ya bi duk wata 'yar tsaga da ke jikin dutsen yana lasa, shekara dubu bayan shekara dubu, har tsagar ta zama rami.

A zamanin ƙanƙara, tulin ƙanƙarar da ya rufe arewacin Ingila ya kankare ƙasar da ke saman dutsen ya bar shi tsirara. Ruwa ya samu sarari ya yi aikinsa. Abin da za ka tarar a saman Malham Cove shi ne fili na farin dutse kamar daɓe, amma daɓen da aka yayyanka gunduwa-gunduwa, tsakanin kowace gunduwa da 'yar'uwarta akwai rami mai faɗin taku ɗaya ko ƙasa da haka, zurfinsa wani iya gwiwa, wani ya fi ƙugu. Mutanen wurin na kiran gunduwar clint, ramin kuma grike. Ka sa yara su durƙusa su leƙa ciki. Sama ba ko tsinke, tumaki da iska sun share, amma cikin ramin kore ne shar, da ganyayen da asalinsu na ƙasan kurmi ne, sun samu inuwa da laima da mafaka daga bakin tunkiya. Doka ta hana ɗaukar dutsen nan, don a da har mota ake kawowa a kwashe shi a kai lambunan masu kuɗi.

Mu da muka saba da duwatsun gida, irin Kufena ta Zariya ko na Dutse, ƙafarmu ta yarda da dutse. Namu kaushi gare shi, yana kama tafin takalmi, ko da silifa kana iya hawa. Wannan kuwa miliyoyin ƙafafu sun goge shi ya yi sumul, in ya jiƙe sai ka ce an shafa masa sabulu. Zuwana na farko da takalmin zuwa ofis na je, mai sulɓin ƙasa, an yi yayyafi da safe ya ɗauke. Ina tafe ina kallon kwarin da ke gabana, ban ankara ba ƙafar hagu ta zame ta faɗa rami har gwiwa, jikina kuma ya ci gaba. Allah ya taƙaita, ƙwaurina ne kawai ya saɓule, tabon yana nan har yau. Da na ƙara karkata kaɗan da ƙashi ne ya tafi, don haka ƙafa ke karyewa a wurin: tana maƙale a rami, gangar jiki ta faɗi gefe. Wata tsohuwa Baturiya da ta kai shekara saba'in ta zo ta wuce ni da sandunanta biyu, ta duba takalmina, ta duba fuskata, ba ta ce uffan ba. Da ta yi magana ma da ya fi mini sauƙi.

Don haka a kan daɓen nan doka ɗaya ce: in kana tafiya idonka na ƙasa, in za ka kalli gari ka tsaya cik. Ka taka tsakiyar gunduwa, ka gwada ta tukuna don wasu na motsi. Waya ta shiga aljihu mai zif, ramukan nan sun ci wayoyi da makullan mota ba adadi. Kuma babu shinge a bakin dutsen. Babu ko igiya. Daga gefen zuwa ƙasa mita 80 ne a miƙe. Hannun 'yar shekara shidan nan kada ya bar naka har ku wuce, shi kuma babban ka kafa masa iyaka da baki tun kafin ku iso. In dutsen a jiƙe yake ko iska na kaɗawa da ƙarfi, ku bi ta can baya, nesa da bakin, inda ciyawa ta fi yawa.

Bangon da kuke tsaye a kansa lanƙwasasshe ne kamar rabin ƙwarya, faɗinsa wajen mita 300. Lokacin da ƙanƙarar ke narkewa, fiye da shekara 12,000 baya, ruwa mai yawan gaske ya riƙa zubowa ta nan. Yau ko ɗigo babu, ruwan ya koma bin ƙarƙashin ƙasa. Sai a ranar 6 ga Disamba 2015, da aka yi guguwar da suka sa wa suna Desmond, ramukan ƙasa suka cika suka kasa shanyewa, ruwa ya sake zubowa ta saman dutsen na ɗan lokaci, abin da babu mai rai da ya taɓa gani.

A saman nan ne za ka yanke shawara. In ka juya baya ka fuskanci arewa, za ka ga wani kwari busasshe mai duwatsu, Watlowes, wanda shi ne tsohuwar hanyar wancan ruwan. In ka bi shi kimanin kilomita biyu da rabi za ka fita kan tudu, ka iske tafkin. Zuwa da dawowa zai mai da tafiyarka kilomita 13 ko kusa da haka. Ra'ayina, da 'yar shekara shida a zuwan fari, ka bar shi. Ba don hanyar na da wuya ba, sai don yaron da aka gajiyar ran farko ba ya yarda a sake fita da shi. In da mota kuka zo, ku sauka ku ci abinci, sannan ku hau da ita ta siririyar kwalta, akwai wurin ajiyewa dab da tafkin.

Ko ta yaya kuka je, ya cancanci zuwa, don can ne za ka ga ɗaya fuskar ƙasar. Tambayar da ɗalibi mai kaifin kai zai yi ita ce: in dutsen nan na shanye ruwa, ya aka yi tafki ya zauna a kansa? Amsar ita ce ba a kansa yake ba. Ƙasa ta taɓa tsagewa a wurin, wani dutse mafi tsufa wanda ruwa ba ya ratsawa ya taso kusa da sama, ƙanƙara kuma ta bar tarin tsakuwa da laka ya tare bakin. Rafin da ke fita daga tafkin yana tafiya 'yan ɗaruruwan mitoci, yana haye tsagar ya taka dutsen farar ƙasa, sai ya ɓace. A gaban idonka zai nutse cikin tsakuwa, ba rami ba komai. Shekara da shekaru kowa ya ɗauka shi ne ke ɓullowa a gindin Malham Cove, tunda a miƙe suke. Da aka yi gwaji a ƙarshen ƙarni na 19, sai aka gano yawancinsa can kudu da ƙauyen yake fitowa, a Aire Head, ruwan gindin dutsen kuma daga wani wuri yake zuwa ta yamma, kusa da tsohon bututun hayaƙin masu narka dalma. Ruwan nan ne ke haɗuwa ya zama kogin Aire da ke bi ta Shipley, nan kusa da kai, ya ratsa Leeds.

Wannan ya kawo ni kan shan ruwan rafi. Za ka gan shi garau kamar na gora, kada ka sha. Yashi na tace ruwa, amma tsagar dutse famfo ce kawai, abin da ya shiga ta sama shi zai fito ta ƙasa, kuma saman cike yake da tumaki, mai rai da mushe. Alwala dai ina yi da shi, sanyinsa sai ka ji har haƙori. Alƙibla daga yankin nan kudu maso gabas take. Ka riƙo leda mai faɗi ka shimfiɗa ƙarƙashin darduma, ciyawar ba ta bushewa.

Shi kuwa filin tudu, wanda suke kira moor, akasin dutsen farar ƙasa ne. Inda ruwa ya rasa hanyar nutsewa, sai ya kwanta, ciyayi su mutu su kasa ruɓewa saboda sanyi da tsami, su taru su zama baƙar ƙasa mai laushi kamar soso, wadda kaurinta ke ƙaruwa da kimanin milimita ɗaya a shekara. Fadama ce, amma a kan tudu, abin da hankalin Bahaushe ba ya kawowa, don mu a gangare muka san fadama. A yammacin tafkin akwai irinta, an shimfiɗa mata gadar katako don a ratsa ba a nutse ba. Karatun ƙasar ba wuya: gajeriyar ciyawa mai laushi da farin dutse na leƙowa, busasshen wuri ne, taka. Dogayen tsinkaye masu duhu kamar jema, ko wata ciyawa mai farin gashi a ka kamar auduga, ruwa ne a ƙasa. Wurin da ya fi ko'ina kore, mai haske, lumui kamar kafet, shi ne mafi muni. Wani ɗan'uwa a ayarinmu ya hango irinsa ya ce ga wurin sallah, taku biyu ya nutse har cinya, muka zaro shi takalmi ɗaya ya zauna a can.

In kana so ka ga irin filin da ke rufe da gajeren itace mai furanni ruwan hoda da shuni, wanda ake sa wa a hotuna, watan Agusta ne lokacinsa, kuma Ilkley Moor ya fi Malham shi, ga shi jirgi ɗaya ne daga Bradford. Amma don Allah kada a je da abin gashi. Na san mu da nama. Baƙar ƙasar nan in ta bushe tana ci da wuta ta ƙarƙashi, kwana da kwanaki, kamar yadda aka gani a Saddleworth a 2018, kuma hukumomi sun hana kunna wuta a irin wuraren.

Kayan sawa, a taƙaice. Takalmi mai haƙora a ƙasa, wanda aka riga aka saba da shi, ba sabo fil ba. Rigar ruwa mai hula ga kowa, ko da hasashen yanayi ya ce rana za a yi. Lema ba ta da amfani, iska za ta juye ta. Wandon jins da rigar auduga in sun jiƙe ba sa bushewa, suna manne wa jiki suna zuƙe ɗumi, gara riguna marasa nauyi biyu ko uku a jere, a cire a mayar. Maiɗakinka za ta fi jin daɗi da wando mai kauri da riga iya gwiwa ko ƙasa kaɗan, da ƙaramin hijabi da za ta cusa cikin rigar ruwa. Doguwar abaya na kama matakala, tana kuma hana ganin inda ƙafa za ta sauka, a kan daɓen nan kuwa wannan ba ƙaramin abu ba ne. A jaka: filas na shayi, ruwa, dabino, gyaɗa, burodi da abin da aka soya a gida, hular sanyi da safar hannu na yara. Yaro in sanyi ya fara cin sa ba lallai ya yi kuka ba, shiru zai yi, ya fara tuntuɓe. In ka ga haka ka tsaya a bayan katanga, ka ƙara masa riga, ka ba shi shayi mai zaƙi, ku juya.

Maciji ba abin damuwa ba ne a nan. Kaska ce abin dubawa, ƙanana ne ƙwarai, kuma wasu na ɗauke da cutar Lyme, don haka a duba ƙafafu da bayan gwiwar yara in an dawo. Tumaki ba ruwansu da kai, amma daga Maris zuwa Mayu suna da 'ya'ya, kada yara su bi su da gudu. Shanu masu maruƙa kuwa a ba su hanya, ka fi ni sani.

Sabis na waya yana zuwa yana ɗaukewa, sanyi kuma na shan batir. Ka sauke taswirar a waya tun a gida, ko ka sayi ta takarda ta Ordnance Survey mai lamba OL2. Ka duba hasashen Met Office na tsaunukan Yorkshire Dales, ba na garin Bradford ba. In wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, ka kira 999 ka nemi 'yan sanda, sannan ka ce masu ceto na tsauni kake so. 'Yan sa-kai ne, ba sa karɓar ko kwabo, amma kafin su iso ka da gadon ɗaukar majiyyaci ana iya shan awa, shi ya sa rigar nan ta ƙari take da muhimmanci. Ka gaya wa wani a gida inda kuka nufa da lokacin dawowa.

Lokaci mafi kyau daga Mayu zuwa Satumba ne. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai tara da rabi ta wuce, a Disamba kuwa kafin ƙarfe huɗu ta tafi. Asabar da Lahadi na rani wurin cika yake kamar kasuwa, in kana da ranar da babu lacca a tsakiyar mako, ita ce ranarka, in kuma dole sai ƙarshen mako, ka iso kafin tara. Masu maganar Yorkshire Three Peaks kuma, mil 24 da tsauni uku cikin awa 12, in sun gayyace ka ka ce sai baɗi.

Saukowa ta matakalar yamma ce. Ba daidai suke ba, wata doguwa wata gajeriya, kuma goge suke, sai a bi a sannu, babba a gaba yara a baya. A ƙasa ku bi rafin zuwa gindin bangon ku ga inda ruwa ke fitowa daga ƙarƙashin dutse shiru, ba ƙara. Ku ɗaga kai, za ku ga masu hawa da igiya manne a jiki kamar ƙadangaru, in kuma da rabo ku ga shahon da ke sheƙa a can tun 1993, wanda in ya kifo kan tantabara babu tsuntsun da ya kai shi gudu. Daga nan zuwa ƙauyen hanya ce mai faɗi, minti ashirin zuwa talatin. Ka bar busasshiyar safa da wani takalmin na kowa a but ɗin mota, da leda ta zuba masu laka. In kun dawo ka rubuto mini yadda 'yar ƙaramar ta yi da matakalar, daga nan zan san ko tafkin ne na gaba ko Ilkley.